Wace Ce Kakar Baffa?

Takardar ba ta kai faɗin tafin hannu biyu ba. A gafakar Baffa aka tsince ta, a ninke cikin wani tsohon littafin addu'o'i, lokacin da ake tattara kayansa domin rabon gado. Ajami ne, da alƙalamin kara da tawada irin ta malamai, kuma duk wanda ya san hannun marigayin bai yi musu ba. Ga abin da ke ciki:

"Gonar bakin rafi ba tawa ba ce, ta kakata ce. Aro ta ba ni. Duk shekara ina aika mata fam biyu da dami biyar na dawa. Allah ya ƙara mata lafiya. In ta Allah ta kasance, a mayar wa magadanta."

Ba suna, ba kwanan wata, ba shaida.

Da wata gonar kan tudu ce, da an karanta an wuce. Amma gonar bakin rafi ita ke riƙe da gidan: da damina masara, da rani rake da tumatir da albasa. Garinmu yana ƙasar Giwa ne, kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa, kuma wanda ya san wajen ya san yadda ake ji da fadama. Duk wanda ya tashi a gidanmu ya buɗi ido ne ya ga Baffa yana nomanta, babu wanda ya taɓa jin an ce ta wani ce.

Liman ya ce ba za a taɓa rabo ba sai an gano mai gonar. Kayan aro da amana ba sa shiga gado. Su ake fara warewa, a biya bashi, a zartar da wasiyya, sannan magada su raba abin da ya saura. Ni aka ɗora wa bin sawu, saboda ina karanta ajami da boko, kuma ni ɗan ƙanen marigayi ne, ba na cikin masu gadonsa. Ko da yake, kamar yadda za a gani, ba kowace amsa ce za ta bar ni ba ruwana ba.

Gardamar farko a kan ɗigo aka yi ta. Laima ta taɓa takardar daidai kan kalmar da ake buƙata, tawada ta baje. A ajami kuwa tsakanin "kakana" da "kakata" ɗigo ɗaya ne tak: nun tana da ɗaya a sama, ta tana da biyu. Yaya, babban ɗan Baffa, ya karanta "kakana", ya ce ai kakan Baffa namiji ake nufi, wanda ya sari dajin, magana ta ƙare, gona ta gida ce. Liman bai ce komai ba. Ya ɗauki tsinke ya bi layi na biyu da shi, ya tsaya kan "ta ba ni", ya gangara ya tsaya kan "mata", ya sake tsayawa kan "magadanta". Sau uku Baffa ya nuna mace ce. Wani yaro da ya gama sakandare ya ce ko kakar amfanin gona ake nufi, wato lokacin girbi. Aka tambaye shi tun yaushe ake yi wa kakar gero addu'ar ƙarin lafiya, kowa ya yi dariya, aka wuce.

To, mace ce. Kowane ɗan Adam kuwa kakanni mata biyu gare shi na haihuwa, mahaifiyar uba da mahaifiyar uwa, kuma nan take gidan ya rabu bisa wadda kowa ya fi so ta kasance. In mahaifiyar uban Baffa ce, gonar ta gangaro kan ɗanta, wato kakanmu, daga shi ta bazu kan 'ya'yansa duka: Baffa da mahaifina da Gwaggo da sauransu. Rabon 'ya'yan Baffa zai ragu, amma gona tana gida. In kuwa mahaifiyar uwarsa ce, sai an kira gidan kawunnansa, kuma tun da namiji yana ɗaukar rabon mata biyu, mafi yawan fadamar can za ta tafi. Aka shiga kawo hujjoji, kowa yana tuno abin da ya ji daga bakin wanda ba ya raye balle a tambaye shi.

Abin da ya rushe duka ɓangarorin biyu yana cikin takardar, ana ta karanta shi ana tsallakewa. "Allah ya ƙara mata lafiya." Bahaushe ba ya yi wa mamaci wannan addu'a. Da ta rasu, da "Allah ya ji ƙanta" zai rubuta, ko ya ce marigayiya, balle malami irin Baffa. Kuma ya ce "ina aika mata", bai ce "na kasance ina aika mata" ba. Ke nan ranar da ya zauna ya yi rubutun nan, matar tana raye. Sai tambayar ta koma: yaushe aka yi rubutun?

Maganar fam ita ta fara jan hankali. Naira ta shigo ranar 1 ga Janairu 1973, aka canza fam ɗaya a kan naira biyu. Sai dai wannan hujja ba ta da ƙarfi ita kaɗai, domin tsofaffinmu sun daɗe suna lissafi da fam da sule bayan an daina ganinsu a kasuwa. Da na juya takardar ne na ga abin da ya fi. Ashe bayan takardar haraji Baffa ya yi rubutunsa, ta shekarun da kowane baligi yake adana irinta kamar ransa saboda dogarai. Rubutun boko ya koɗe, amma a sama ana iya karanta sunan Jihar Arewa ta Tsakiya. Wannan jiha Janar Yakubu Gowon ne ya ƙirƙiro ta a watan Mayu 1967, ta haɗa lardin Zazzau da na Katsina, kuma a 1976 aka sauya mata suna zuwa Jihar Kaduna. Ba a rubutu a bayan takardar da ba a buga ba tukuna. Don haka ko yaushe ne Baffa ya ɗauki alƙalami, bai riga 1967 ba.

Na tafi wajen Gwaggo, ƙanwar Baffa, wadda ita ce babba a cikin waɗanda suka rage. Ba ta san shekarun boko ba, amma lissafinta ba ya kuskure, domin kowace mutuwa ta ɗaure ta da wani abu da ya faru.

"Gwaggo, kakarku ta wajen uba, yaushe ta rasu?"

"Wannan ko ni ban san ta ba, ɗan nan. An ce lokacin yaƙin Hitila ne, ana kwasar samari zuwa Bama."

"Ta wajen uwa fa?"

"Ita na san ta sarai. Shekarar da Sarauniya ta zo Kaduna aka yi hawan daba, mazan garin nan suna can kallo aka aika musu."

Yaƙin ya ƙare a 1945. Sarauniyar Ingila ta zo a 1956. Ke nan ta ƙarshe a cikin kakannin Baffa mata ta riga takardar barin duniya da shekara goma sha ɗaya ko fiye. Ga takarda tana yi wa kaka fatan lafiya, ga kakanni biyu duk suna ƙasa. Na tambayi Gwaggo ko akwai wata kaka da ta rage musu a zamanin Gowon. Ta girgiza kai ta ce, "Kakanninmu duk sun riga mu gidan gaskiya tun muna yara." Ba ƙarya ta yi ba, kuma ba daidai ta faɗa ba, amma a lokacin babu yadda za a gane haka.

A nan ya kamata a tsaya a dubi kalmar kanta, domin duk rikicin a cikinta yake. A sahun iyaye, Hausa tana rarrabewa filla-filla. Ɗan'uwan uba baffa ne, 'yar'uwarsa gwaggo. Ɗan'uwan uwa kawu ne, 'yar'uwarta inna ko iya. Masana harshe suna danganta baffa da gwaggo da kawu da Fulatanci, kuma a gidajen da Fulatancin bai gama fita ba har yanzu ana jin yafendo ga ƙanwar uwa. Amma da an hau mataki ɗaya sama, sai rarrabewar ta tsaya cak. Mahaifin uba kaka, mahaifiyar uwa kaka, yayyensu da ƙannensu maza da mata kakanni, kishiyoyin kaka su ma kakanni. Nakan ji wasu 'yan boko suna cewa Hausa ba ta da kalmar 'yar'uwar kaka, kamar wani giɓi ne da ya kamata a cike. Ni ban ga giɓi ba. An raba baffa da kawu ne saboda aikinsu ya bambanta: baffa yana iya zama waliyyin aure, shi ke tsayawa a madadin uba, 'ya'yansa 'yan'uwanka ne na gida; 'ya'yan kawu da na gwaggo kuwa taubasai ne, abokan wasa. A sahun kakanni babu irin wannan rabon aiki. Abin da kaka take yi wa jika, shi ƙanwarta take yi masa: ta goya shi, ta yaye shi, ta ɓoye shi in ya yi laifi, ta tsokane shi. Aiki ɗaya, suna ɗaya.

Wannan ya buɗe ƙofa, amma ya buɗe ta da yawa. Baffa yana da kakanni huɗu na haihuwa, kowannensu da 'yan'uwa mata, ga matan kakanninsa maza. In an bi lissafi, matan da zai iya kira "kakata" da gaskiyarsa sun fi a ƙirga da yatsun hannu.

Sai na nufi ɗakin Hajiya, matar Baffa, tana cikin takaba. Tana zaune a kan tabarma da carbi, an sauke labule, ɗakin yana ƙanshin turaren wuta da masu ta'aziyya suka kawo. Na gaishe ta, na yi mata ƙarin haƙuri, na karanta mata takardar a hankali. Da na zo kan dami biyar sai ta ɗaga kai.

"Wannan dawar na san ta. Duk shekara in an kawo amfani, Malam sai ya ware dami biyar gefe guda, ba a sa su a rumbu. In na yi magana sai ya ce, bar su, na kishiyarki ne."

Kafin in buɗe baki wasu mata suka yi sallama, ta fashe da kuka, dole na tashi.

Baffa mace ɗaya ya aura har ya koma ga Allah. Kowa ya san haka, har ana yi masa tsiya a kai. Kafin magariba magana ta zaga gida cewa marigayi yana da wata mata a ɓoye, wataƙila da 'ya'ya, kuma ita ya laƙaba wa "kaka" don ya rufa asiri. Yaya ya ƙi cin tuwo. Duk Bahaushe ya san wasan da ke bayan wannan kalma, amma maganar gado tana toshe basira, mutum ya manta abin da ya sani tun yana goye.

Gwaggo ce ta warware, da dariya har tana share hawaye da gefen zane.

"Kai, yaran zamani! Wace irin mata? Tsohuwa ce. Ba mijinta ba ne? Matarsa kuwa ba kishiyarta ba ce?"

Haka abin yake a ƙasar Hausa. Kaka mace tana kiran jikanta namiji mijinta ko maigidanta, ta tare shi da neman kuɗin cefane, ta ce ya bar ta da yunwa. Jikanya kishiya ce, haka ma matar jika. Kaka namiji kuma jikanyarsa amaryarsa ce. Tsakanin yaro da iyayensa akwai kunya da tsare gida, har uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari; wajen kaka yaro yake sakewa. Ba sabon abu ba ne. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta a nan ƙasar Zazzau a 1949 zuwa 1950, aka buga shi a 1954, ta yi bayanin wasan jika da kaka da yadda ake ba 'yan'uwa riƙon yara, ita kanta kuwa ba ta haihu ba, 'ya'yan dangi ta riƙa. Abin lura shi ne ba kowace tsohuwa ake wannan wasa da ita ba. Gwaggonka ta haƙiƙa ba za ta ce maka mijina ba, uwa ce, da kunya a tsakani. Duk tsohuwar da ta kira matar Baffa kishiya, to a sahun kakanni take.

Na ce, "To Gwaggo, ai kin ce min kakanninku duk sun rasu kuna yara. Wace tsohuwa ce ta ga auren Baffa har take kishi?"

Ta yi shiru tana lissafi da yatsu. Can ta ce, "Ai su biyu ne ma. Akwai Gwaggon Gangare, akwai Inna Mai Ƙuli. Ranar da aka kawo amarya su suka tare ƙofar ɗaki, suka ce ba ta shiga sai ta biya su kuɗin miji."

"Gwaggon Gangare gwaggonku ce?"

"Gwaggonmu ce mana."

"Wato ƙanwar mahaifinku?"

"A'a. Shi ma Baba, Gwaggo yake ce mata."

A nan ƙullin yake. Matar da Gwaggo ta yi shekara da shekaru tana kira Gwaggo, ba gwaggonta ba ce, gwaggon mahaifinta ce, ƙanwar kakanta namiji. Inna Mai Ƙuli kuma innar mahaifiyarsu ce, ƙanwar kakar nan tasu ta wajen uwa da ta rasu shekarar zuwan Sarauniya. Yaro ba ya zama ya yi lissafin dangantaka kafin ya kira mutum. Abin da ya ji uwarsa ko ubansa yana faɗa, shi yake ɗauka. Sunan kira yakan manne wa mace tun tana da ƙuruciya, daga bakin 'ya'yan 'yan'uwanta na farko, ya bi ta har tsufa, jikoki su gaje shi, tattaɓa-kunne su gaje shi, maƙwabta su ɗauka, har mai tallan goro ya riƙa ce mata Gwaggo. Sunan ya zama kamar tsohuwar taɓarya, kowa ya taso ya tarar ana daka da ita, babu mai tambayar wa ya sassaƙa.

Saboda haka 'yar'uwar kaka a gidan Bahaushe sunaye biyu take ɗauke da su a lokaci guda. In ana maganar dangantaka, ko ana wasa, ko ana rabon goron biki, kaka ce. In ana kiranta a tsakar gida, sau da yawa Gwaggo ce ko Inna ko Iya, sunan da ta samu daga sahun da ke sama da kai. Da na tambayi Gwaggo "kakanni", sai hankalinta ya tafi kan waɗanda ta taɓa kira Kaka da bakinta. Waɗannan biyun ba su faɗo mata ba sam, ko da yake tana tuna yadda ake ja-in-ja da su kan kuɗin shara a watan Cika-ciki, abin da ba a yi da iyaye.

Daga mata barkatai an dawo biyu. Dukansu sun ga yaƙin Biyafara, wanda aka fara a 1967 aka gama a 1970, don haka shekarun takardar ba su fitar da ko ɗaya ba. Kuma bambancin ba ƙarami ba ne. Gwaggon Gangare ba ta haihu ba, mijinta ya riga ta rasuwa, 'yan'uwanta maza ma haka. In gonarta ce, magajinta ɗan ɗan'uwanta ne namiji, wato kakanmu, gona ta sake dawowa gida, har mahaifina yana da rabo. Inna Mai Ƙuli kuwa ta bar ɗa.

Na koma kan takardar, kan kalmar "aika". Gwaggon Gangare a gangaren garinmu take, tafiyar da ba ta kai a sha ruwa ba, kuma a ƙarshen rayuwarta cikin gidanmu aka dawo da ita, a nan ta cika. Wanda kuke gari ɗaya kai masa ake yi, wanda kuke gida ɗaya ba shi ake yi. Aike sai da nisa. Sannan "a mayar wa magadanta": da magadan su ne mutanen gidan da yake zaune a ciki, da wuya ya ce a mayar, kamar abin zai fita ne ya koma wani wuri. Wannan duk karatun kalmomi ne, kuma na san ba a raba fadama da karatun kalmomi. Ana buƙatar wanda ya gani da ido.

Akwai wani dattijo da gonarsa take iyaka da ta bakin rafi, ya haura tamanin, idonsa ya yi rauni amma yana zuwa gona a kan jaki. Na same shi a gindin mangwaro, jikokinsa suna ban ruwa. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, wannan gonar ta Baffa, kafin shi wa ke nomanta?" Ya ce, "Wace? Fadamar mai ƙuli?" Ban ambaci kowa ba, shi ya faɗa da kansa. Ya ce haka iyayensu suke kiranta. Ya sa aka kama hannunsa, ya kai ni kusurwar gabas, ya nuna min layin bini-da-zugu da ya tsufa har ya yi kututture, ya ce ita ta sa aka dasa shi bayan wata rigimar iyaka, tana tsaye da kanta da zane a ɗamare. Da kuɗin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta sayi wurin, a zamanin da gyaɗa take gyaɗa, ana tara dalarta a Kano. Mata da yawa a lokacin sun yi dukiya daga cikin gida ta wannan hanya, yara suna kai musu talla, kuma abin da mace ta samu nata ne, miji ba shi da iko a kai.

Da na koma wajen Hajiya, sauran bayanin ya fito da kansa. Inna Mai Ƙuli ce ta yaye Baffa. Da ya isa yaye aka kai shi ɗakinta, kamar yadda aka saba kai yaro wajen kaka don ya manta da nono, sai ta ƙi mayar da shi, ta riƙe shi har ya shiga makarantar allo. Da ƙarfinta ya ƙare, ɗanta da ke cinikin auduga a Funtuwa ya zo ya ɗauke ta, ta bar wa Baffa gonar ya riƙa nomawa. Dawar nan a motar kasuwa ake ɗora ta. Bayan rasuwarta ya ci gaba da aika wa ɗan, har shekarar da direba ya dawo da kayan ya ce mutumin ya rasu, iyalinsa sun tashi daga gidan. Daga nan Baffa ya riƙa ware dami biyar ɗin yana sadaka da su da sunanta. Yaran gida suna gani, sun ɗauka zakka ce.

Me ya sa bai rubuta "Inna" ba, tun da haka kowa yake kiranta? Ina ganin dalili biyu ne. A takarda mutum yakan rubuta matsayin mutum a wajensa, kuma da ya rubuta "innata" da an tafi neman ƙanwar mahaifiyarsa, an ɓata gaba ɗaya. Na biyu, ita ta goya shi. A ranar da ya yi rubutun, in ya ce "kakata" a gaban mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko wannan dattijo mai iyaka, babu wanda zai tambaye shi wacce. Masu sanin ne suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, takarda ta rage ita kaɗai.

Na kai wa Liman abin da na tattara. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ƙara wani abu da ban zo da shi ba.

Na ce, "Allah gafarta Malam, tun da kakarsa ce, kuma ita ta raine shi, shi ba ya gadonta ko kaɗan?"

Ya ce a'a. A shari'a kalmar kaka ba ta yaɗuwa gefe kamar yadda take yi a Hausa. Kakar da take da rabo ita ce ta haihuwa, kuma a mazhabar Malikiyya biyu ne: uwar uwa da uwar uba, ko iyayensu mata in an hau sama. Rabonsu sudusi ne, ɗaya cikin shida, in mahaifiyar mamaci ba ta raye. 'Yar'uwar kaka ba ta cikin wannan lissafi. Ba ta da rabo a dukiyar Baffa, shi ma ba shi da rabo a tata, tana da ɗa namiji kuwa magana ta ƙare. Amma a babin aure tana nan daram. Aya ta 23 a Suratun Nisa'i ta haramta auren 'yan'uwan uba mata da 'yan'uwan uwa mata, kuma malaman fiƙihu sun ce hukuncin ya haɗa da gwaggon uba da innar uba da gwaggon uwa da innar uwa, har sama. Muharramarsa ce, yana shiga ɗakinta, yana iya yi mata rakiya a tafiya. Ya yi murmushi ya ce shi ya sa wasan "mijina" ba ya ɓata wa kowa rai, domin kowa ya san aure ne da ba zai taɓa ɗauruwa ba.

Abin ya ba ni sha'awa. Fiƙihu ya ɗauki 'yar'uwar kaka ya sa ta a layin gwaggo da inna, ya ja layin zuwa sama. Hausa ta ɗauke ta ta sa a layin kaka, ta ja shi zuwa gefe. Bakin yaran gida kuma, da yake kwaikwayon iyaye yake yi, ya koma ya yi daidai da fiƙihu ba tare da ya sani ba. Wanda yake so a gane shi ba tare da kokwanto ba, Hausa ta ba shi hanya, sai dai doguwa ce: ƙanwar kakata ta wajen uwa, yayar kakana na wajen uba. Yanzu kuma da "anti" ta shigo tana haɗiye gwaggo da inna da matar kawu da maƙwabciya, ina jin tausayin wanda za a ba irin aikin da aka ba ni nan da shekara hamsin.

Neman magadan bai yi wuya kamar yadda aka zata ba. 'Yan auduga a Funtuwa sun san juna, tsofaffinsu suka yi min kwatance har gidan da jikokinta suke. Da na ce ina neman zuriyar Inna Mai Ƙuli, suka dubi juna, ba su san mai wannan suna ba. Su Iya suke ce mata, domin haka suka ji mahaifinsu yana kiranta. Amma babbarsu ta tuna dawar da ake saukewa daga mota duk shekara tana yarinya, ta kuma tuna Iya tana cewa mijinta na ƙauye ne ya aiko da cefane.

Mutum biyu da suka yi karatu tare da Baffa suka shaida hannunsa a gaban Liman da mai unguwa, dattijo mai iyaka ya maimaita abin da ya gaya min, aka cire gonar bakin rafi daga cikin gado. Yaya bai ji daɗi ba, amma bai ja ba. Jikokin suka zo suka ga wurin, suka ce su ba manoma ba ne, suka bar masa ita haya. Wannan karon an rubuta takarda da boko da ajami, da cikakken sunan tsohuwar da na mahaifinta, da shaidu huɗu.

Mai karatu, in akwai tsohuwa a danginku da kai da mahaifinka kuke kira da suna ɗaya, Gwaggo ko Inna ko Iya, ka samu babba a gidan tun yana da ƙarfin magana ka tambaye shi: gwaggon wa ce, innar wa ce, su wa ta haifa, suna ina? Ka rubuta amsar da sunanta na yanka, ka ajiye inda 'ya'yanka za su gani.